Faifan Baba da Na Karce

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya sauƙaƙa maka aikin da ya kai ka nesa da mu, ya raya mana yaran, ya jiƙan Baba da rahama. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har ta koma zagaya tsakar gida tana duba furanninta tana faɗa da duk wanda ya yi shanya a kansu. Yaya Babba ta zo da yaranta sun yi mana hutu, sun tafi sun bar mu da kewa da karyayyen hannun firij. Kawu ya ajiye aiki, amma har yanzu kullum da safe sai ya sa takalmin ofis ya zauna a ƙofar gida, wai kada ƙafa ta manta. Rufin da ka yi ta magana a kai an gyara shi, ruwa ya daina zuba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, mu da muke magana a waya kusan kowane mako. Abin da zan faɗa maka ne ya ƙi fitowa ta baki. Sau nawa ina kiranka da niyyar in faɗa, da na ji muryarka sai in ɓuge da tambayar lafiyar yara. Kuma duk lokacin da ka tambaye ni ko faya-fayan garmahonka suna nan lafiya, cewa nake lafiya lau. A 'yan makonnin nan wannan amsar ba gaskiya ba ce. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya, don in ka kira ni a tsakiya ban san ta inda zan ci gaba ba.

Abin ya faro ne a wurin aiki. Ka san a shagon tabarau, bayan an auna wa mutum ido an yanko gilashinsa, ni nake zaunar da shi gaban madubi, in ɗan gasa hannun firam ɗin in lanƙwasa shi har ya zauna daidai a bayan kunne. Wata rana wani dattijo ya zo karɓar nasa, tsohon likitan haƙori ne, kowa Likita yake ce masa. 'Yarsa ce ta rako shi, malamar firamare, kuma ba zan ɓoye maka ba, tun da ta shigo na kasa bambance hannun dama na firam ɗin da na hagu. Ina cikin aiki sai na ji dattijon yana ɗan rera wani abu a maƙogwaro yana buga yatsa a gwiwa, irin bugun nan da kake yi a kan tebur har Inna ta ce ka bari. Don dai in sami abin faɗa, na tambaye shi ko kiɗan jaz ne, irin wanda kake saurare. Nan take fuskarsa ta washe, ya ce ya manta rabon da ya ji mai ƙuruciya ya ambaci wannan kalma, ya tambaye ni ko ina saurare. Na ga Malama ta ɗago kai tana kallona, sai kawai na ji bakina yana cewa ai akwati guda nake da shi na tsofaffin faya-fayai a ɗakina. Akwatin kam yana ɗakina, kai ka bar mini amanarsa. Sauran maganar ce babu gaskiya a cikinta.

Daga nan ƙofa ta buɗe mini. Na fara zuwa gaida Likita, daga gaisuwa aka koma hira da Malama a baranda, har magana ta yi nisa tsakaninmu, Inna ma ta san ta kuma ta yaba da hankalinta. Na so in gaya maka tun tuni, na ce bari dai abu ya kankama. Matsalar ita ce kowace Asabar da la'asar Likita yana da zama da abokansa biyu a falonsa, ba abin da suke yi sai jin faifai, kuma kullum sai ya gayyace ni. Na yi ta zillewa har uzuri ya ƙare mini. Ka tuna lokacin da na dame ka da tambayoyi a waya, me ya bambanta wannan ƙaho da wancan, me ya sa masu jin jaz suka fi son tsohon ɗauka a kan sabo, har ka yi murna ka ce Auta ya fara hankali? Guzuri nake tarawa, Yaya. Duk abin da ka faɗa sai in haddace in je in zazzage a gaban mutane kamar nawa. Ni da a da in ka rufe ɗaki ka sa faifai nake tsayawa a bakin taga ina kukan akuya don in ba ka haushi.

Ranar da na fara zuwa zaman na ga abin da ban taɓa gani ba. Bango guda na falon an yi masa katako hawa-hawa tun daga ƙasa har rufi, cike da faya-fayai a tsaye kamar littattafai. Garmahon yana kan wani tebur mai nauyi da ba a yarda kowa ya jingina da shi ba, labule a sauke don kada rana ta taɓa komai. Ɗaya daga cikin abokan Kyaftin suke ce masa, ko da yake bai taɓa aikin soja ba, tsabar ba da umarni ce ta ja masa sunan. Ɗayan kuma Mai Kemis ne, siriri mai magana ƙasa-ƙasa, yana riƙe faifai ta gefe da tafin hannu biyu kamar an miƙa masa jariri. Dokarsu ita ce da zarar allura ta sauka ba mai magana, ko cokali ba a juyawa a kofi. In ta tashi kuma sai gardama ta ɓarke. Kyaftin ya fi son wanda aka ɗauka a gaban jama'a, inda za ka ji ƙarar kofuna da dariyar wata daga can baya, wai nan ake gane makaɗi na gaske don ba damar a sake. Mai Kemis ya ce wannan hayaniyar kasuwa ce. Likita kuwa abin da yake so shi ne ɗan ƙaraf-ƙaraf ɗin nan kafin kiɗa ya fara, kamar ana suya a gidan maƙwabta. Ya ce an taɓa sa masa irin waƙoƙin a waya an wanke su tas, sai ya ji kamar an shigar da shi ɗakin tiyata. Ni dai na lumshe ido ina gyaɗa kai, in an tambaye ni in jefa ɗaya daga cikin maganganunka. Na tsira ranar, har Kyaftin ya dafa kafaɗata ya ce lallai ina da kunne.

Da zan tafi Likita ya ce mako mai zuwa in zo musu da faifan da na fi ƙauna. Na dawo gida na buɗe akwatin, karon farko tun tafiyarka, na rasa wanda zan ɗauka don duk ɗaya suke a wurina. Sai idona ya kai kan wanda ka naɗe daban a cikin rigar filo. Na Baba. Wanda kwalinsa ya lalace tun tuni ka yi masa farar riga ta takarda, wanda ka ce ko gobara ce ta tashi shi zan fara fitarwa bayan Inna. Na ce a raina tunda shi ka fi ji da shi, shi zai fi burge su. Ban taɓa zama na ji shi ba. Lokacin da Baba ya rasu ban san komai ba, kai kuma ba ka cika sa shi ba don kada ya cinye. Gwadawa a gida ma ba hali, tunda allurar garmahonka ta mutu tun kafin ka tafi. Takardar tsakiyarsa ta koɗe, da kyar ake ganin rabin sunan mai waƙar, kuma irin sunayen nan ne da ba ka gane na mace ne ko na namiji. Haka na sa shi a jaka na tafi, ban tambaye ka ba don na san amsar da za ka ba ni.

Da na zare shi daga rigarsa, Mai Kemis ya karɓa ya auna nauyinsa a hannu, ya karkata shi wajen haske, ya ce wannan bugun farko ne, ya daɗe yana neman irinsa bai samu ba. Kaina ya ƙara girma, na ce ai rana ba ta wucewa ban ji shi ba. Don a girmama ni, Likita ya ce ni zan ɗora shi da hannuna. To kafin nawa, ƙaramin faifai Kyaftin ya sa, irin masu waƙa ɗaya a kowane gefe, waɗanda ake juyawa da sauri a kan arba'in da biyar. Manya irin na Baba kuwa a kan talatin da uku ake sa su. Akwai ɗan maɓalli a gefe da ake murɗawa; kai wannan ko a barci ka sani, ni kuwa ko ganinsa ban yi ba. Na ɗora, na sauke allura, na koma na zauna. Kiɗa ya taso a guje kamar an biyo makaɗan da sanda, sannan wata siririyar murya ta shigo tana tsiwa can sama. Na ga dattawan sun dubi juna, na ɗauka daɗi ne ya kama su. Sai na lumshe ido, na karya dokar gidan, na ce da ƙarfi duk duniya ba macen da muryarta ke taɓa mini zuciya kamar wannan baiwar Allah, kuma saurin nan nata shi ne sirrinta.

A daidai lokacin Malama ta shigo da farantin shayi, ta ji abin da na faɗa. Ta ajiye farantin a hankali, ta wuce wajen garmahon ba tare da ta dube ni ba, ta murɗa maɓallin. Yaya, a kan kunnena baiwar Allah ta rikiɗe. Kiɗan ya ja birki ya koma tafiyar ƙasaita, muryar ta yi ta sauka tana sauka har ta zama ta wani ƙaton namiji, kamar daga cikin rijiya yake waƙar. Kyaftin ya yi ta maza ya toshe baki da hankici, amma ina, dariya ta ƙwace masa har yana tari, yana cewa baiwar Allah ta fito da gemu. Likita bai yi dariya ba, kansa kawai ya sunkuyar, kuma wannan ya fi mini ciwo. Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Abin da ya zo mini kawai shi ne in tsayar da muryar nan in gudu. Na zabura na kai hannu, maimakon in ɗaga allurar sama sai na ja ta gefe. Ƙarar da ta fito daga lasifika har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Na karce faifan Baba tun daga waƙar farko har kusan tsakiya, zane fari ƙal wanda ko da yatsa za ka ji shi.

Ban san yadda na kwashi faifan na fito ba, takalmina ma a hannu na riƙo shi har bakin titi. Daga baya Mai Kemis ya aiko in same shi a shagonsa da faifan. Ya duba da madubin ƙara girma, ya daɗe yana girgiza kai, ya ce gefe na biyu lafiyarsa ƙalau, amma na farko ya tafi, kuma wannan ciwon ba shi da magani. A nan ne na fashe masa da gaskiya cewa ba nawa ba ne, na wana ne, gadon mahaifinmu. Tausayina ya kama shi. Ya ɗauko mini nasa, irin faifan ne amma bugun baya, ya ce in sa shi a farar rigar, in ɗan shafa takardar tsakiya da jiƙaƙƙen tsumma ta koɗe, wana yana nesa, ba zai taɓa lura ba. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, ba na ɗora masa laifi. Laifin na wanda ya miƙa hannu biyu ya karɓa yana godiya ne. Na zo gida na kulle ɗaki, na zauna a bakin gado da tsumma da ragowar ruwan shayi ina tsufar da takardar faifan mutane, ina ɗagawa ina gwada ta da ta Baba kamar yadda nake gwada gilashi biyu a wurin aiki. Da suka yi kama na naɗe shi a rigar filon, na Baba kuma na tura shi bayan kabad. Ranar ce ka kira da yamma ka tambaya, na ce lafiya lau.

Sai na ji kamar an sauke mini kaya, har na sami ƙarfin halin komawa barandar su Malama. Na fara da ba ta haƙuri kan abin da ya faru a falo. Ta yi murmushi ta ce in daina wahalar da kaina, ita tun farkon hirarmu ta gane ban san komai a jaz ba, don a cikin kiɗan nan aka haife ta, jira kawai take in gaji in faɗa da bakina. Ta ce ranar ma da ta koma kicin sai da ta riƙe ciki don dariya. Jin haka ya sa na saki jiki, na ba ta labarin dabarar da muka yi, har ina kurin cewa ko kai ba za ka gane ba. Murmushin ya ɗauke daga fuskarta. Sannan ta ce na farkon wauta ce irin ta mai neman a so shi, kuma ta yafe, amma wannan zama na yi na kulle ɗaki na shirya shi. Ta ce mutumin da ya amince ya bar mini abin da ya fi so shi na yi wa haka, to ita da za ta ba ni amanar rayuwarta gaba ɗaya, ranar da na fasa mata wani abu da me zan musanya shi? Ta tattara littattafan ɗalibanta da take dubawa ta shige ciki. Na yi ta kiran wayarta, ba ta ɗauka.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Abinci ya daina shiga, a wurin aiki na lanƙwasa wa wata mata firam har ya karye, in na hango dattijo a titi sai in tsallaka. Ana haka sai ga Likita a shago, wai gilashinsa yana zamewa daga hanci. Na duba ba abin da ya same shi, amma na zaunar da shi gaban madubi ina ta taɓe-taɓe don kada mu haɗa ido. Ta cikin madubin ya yi mini magana. Ya ce da tun farko na shigo na ce ban sani ba a koya mini, da ya fi kowa murna, don duk 'ya'yan abokansa ba mai zama da su. Ya ce 'yarsa ta gaya masa maganar musayar, kuma ya riga ya wanke Mai Kemis tas a kanta. Ya ƙara da cewa ban san wana ba in ina zaton zan ruɗe shi: mai irin wannan faifan daga nauyi zai gane, in bai gane ba to daga tari, don a bugun farko akwai wanda ya yi ɗan tari a farkon gefe na biyu, a bugun baya kuma an share shi. Ya ce in mayar wa mai kaya kayansa, in zo ranar Asabar da na Baba yadda yake. Maganar 'yarsa kuwa, ba zai ce mini e ko a'a ba sai na gaya maka komai da kaina ya ji ta bakinka.

Na mayar wa Mai Kemis faifansa da takardar da na ɓata masa, ya karɓa ya ce shi ma ya ji a jikinsa. Ranar Asabar na daɗe a tsaye a ƙofar falon nan kafin in iya sallama. Ban zauna ba sai da na faɗa musu cewa akwatin ba nawa ba ne, maganganun da nake yi duk naka ne, kuma ban taɓa jin faifai ɗaya na cikinsa daga farko har ƙarshe ba. Kyaftin ya ce to madalla, a ba baiwar Allah kujera ta zauna. Likita ya goge faifan da kansa, ya nuna mini maɓallin, ya nuna mini ɗan ƙarfen da ake ɗaga allura da shi, sannan ya sa gefe na farko. Na roƙe shi ya tsallake, ya ƙi, ya ce sai na ji abin da na yi. Mutumin ya fara waƙa, bai yi nisa ba allura ta maƙale, ya riƙa nanata rabin kalma ɗaya, yana komawa yana komawa, kamar mai son faɗin wani abu an shaƙe masa wuya. Sai da idona ya cika da ƙwalla sannan Likita ya ɗaga allurar ya juya faifan.

Gefe na biyu, Yaya, ban san yadda zan gaya maka ba, kai da ka sani. Na ji suyar nan ta farko, na ji tarin, ɗan ƙaramin tari na mutumin da bai san za a ji shi bayan ya daɗe da barin duniya ba. Sai piyano ya shigo a hankali, wannan ƙaton mai tsirkiya da ake rungumewa a tsaye yana taku a ƙasa, mai ganga yana shafa fata da burushi kamar mai shara da sassafe. Da mutumin ya buɗe baki bai yi gaggawa ba, yakan bar kiɗan ya wuce shi kaɗan sannan ya biyo, har ina jin tsoron ba zai kamo ba, amma kullum sai ya iso daidai. A tsakiya ya yi shiru ya bar wa mai ƙahon saksofon fili, kuma wallahi na ji inda mai busar ya ja numfashi. Da aka gama aka tambaye ni me na ji, na ce ban san sunan komai ba, amma kamar mutanen suna cikin ɗakin suna sauraron juna. Likita ya ce to haka ake farawa. Ni kuwa abin da ke cina a lokacin shi ne, ashe wannan ne Baba ya bar maka, kuma rabin da ba zan taɓa jin sa daidai ba ni na kashe shi da hannuna.

Jiya da safe na gaya wa Inna. Na zaci za ta yi faɗa, sai ta tambaye ni wace waƙa ce ta fi lalacewa. Na ce ta farko. Ta ce ita dai ba ta taɓa son kiɗan nan ba, kullum ce wa Baba take kamar kowa abin da ya ga dama yake kaɗawa, amma wannan ta san ta, ita yake sawa in yana gyaran gemu ranar da ba aiki. Sai ta ɗan rera mini ita a maƙogwaro tana ci gaba da shararta, ta wuce daidai wurin da allurar ke maƙalewa, ta kai ta har ƙarshe. Daga nan ta ce in je in rubuta wa wana, in daina tsaya mata a ka.

To Yaya, ka ji duka. Ba na neman ka ce ba komai, don da komai. In ka ga dama ka kira ka wanke ni, zan tsaya in ji har ƙarshe. In kuma ka fi son ka yi shiru na wani lokaci, zan jira. In ka ce a mayar da akwatin wurin Kawu ko wurin Yaya Babba, da kaina zan kai. Faifan yana cikin rigarsa da tabonsa, Likita ya ce kada a ƙara sa gefe na farko don kada ya ci allura. Abin da nake roƙo shi ne ka yafe mini, musamman ƙaryar da na yi maka a waya, wadda ta fi karcen muni. In kuma zuciyarka ta sauko, kai ne a matsayin Baba a wurina, ina so ka yi magana da Likita. Ko me ka gaya masa a kaina ba zan musa ba.

Ka gaida mini uwargidanka Anti da kyau, ka shafa mini kan mai sunan Baba da 'yan biyu. Inna tana sa muku albarka, ta ce a turo mata hoton yaran wanda ba su rufe ido a ciki ba. Kawu da Gwaggo da Yaya Babba da maigidanta duk suna gaisuwa. Su Likita ma sun ce a gaida mai akwati na gaskiya, Mai Kemis yana roƙon in ka zo gida ka bar shi ya ga sauran, ko da ba zai taɓa ba. Malama ta fara amsa gaisuwata, amma a taƙaice. Da na gaya mata zan rubuta maka, ta ce ba za ta karanta ba, wannan tsakanina da kai ne, amma ita za ta kai gidan waya da hannunta, wai ta san halina, kada takarda ta tsufa a aljihu. Yanzu haka tana tsakar gida wurin Inna tana jira in liƙe ambulan, saboda haka bari in tsaya nan. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka mai jin nauyinka,
Auta